Garkuwar iska ga murhun gas na tafiya: wacce ya kamata ka haɗa da hannunka?

Duk wanda ya taɓa ɗora ruwa a kan ɗan murhun gas a fili, iska tana kaɗawa, ya san takaicin abin. Wutar da take tsaye shuɗiya a wurin da ba iska sai ka ga ta kwanta gefe guda tana lasar banza, gindin tukunya kuwa ko ɗumi bai yi ba. Ka tsuguna, ka kare da tafin hannu, ka juya baya, ka jawo jaka, ruwa dai shiru. Daga nan ne tunanin haɗa garkuwar iska yake zuwa, kuma da yake abu ne na yankan ƙarfe marar kauri da almakashi, mutane da yawa sun fi son su yi abinsu da kansu.

Murhun da nake magana a kai shi ne wanda ake murɗa shi kai tsaye a saman gwangwanin gas, irin wanda masu doguwar tafiyar ƙafa da jaka a baya suke ɗauka. Wannan tsarin nasa shi ne tushen duk wahalar. Wuta tana sama, gas yana ƙasa da ita da 'yan santimita kaɗan. Abin da zai tsare maka zafi a gindin tukunya, shi ne kuma zai iya tsare shi a jikin gwangwani. Shi ya sa akasarin masu ƙera irin wannan murhu suke gargaɗi a takardar umarni cewa kada a kewaye shi da garkuwa. Gargaɗin nan gaskiya ne, kuma duk abin da zan faɗa a ƙasa a kansa ya ginu: garkuwa ta kare harshen wuta, kada ta rufe gwangwani.

Abubuwan da za a auna

Na farko, kuma wanda ya fi sauran nauyi nesa ba kusa ba, shi ne zafin da ke komawa kan gwangwani. Gas ɗin da ke ciki ruwa-ruwa ne a matse, galibi haɗin aisobutan da furofan, wani lokaci da butan. Butan yana tafasa ne a kusan digiri 0 na ma'aunin Salshiyas, aisobutan a wajen 12 ƙasa da sifili, furofan kuwa a 42 ƙasa da sifili. Ma'ana, a yanayin da muke zaune lafiya lau, su tuni suna neman hanyar fita. A digiri 20, matsin aisobutan ya kai kusan ninki uku na iskar da ke kewaye da mu. A digiri 50 ya doshi ninki bakwai. Shi ya sa za ka ga an rubuta a jikin gwangwani kada ya haura digiri 50. Gindinsa ma da aka lotsa ciki ba ado ba ne: idan matsi ya yi yawa, shi ne yake fara bultsowa waje. Wanda ya ga haka, ya sani cewa ya riga ya wuce iyaka.

A aiki na ƙa'ida, gwangwani sanyi yake yi, domin gas ɗin da ke zama tururi yana zuƙe zafi daga jikinsa. Wani lokaci har raɓa za ka gani a kansa. To idan ka taɓa ka ji ɗumi, garkuwarka ta fara mayar da zafi ƙasa. Ɗan ɗumi ba laifi ba ne, a lokacin sanyi ma taimako ne. Amma idan hannunka ya kasa jimre riƙe shi, kashe wutar nan take.

Na biyu, iskar da wutar kanta take buƙata. A jikin sandar murhu, ƙasa da kan da wuta ke fita, akwai 'yan ramuka da suke zuƙar iska ta gauraya da gas. Idan ka toshe su, ko ka hana hayaƙi hanyar fita, wuta za ta koma ruwan ɗorawa, ta yi wa tukunya baƙi, ta kuma ƙara fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi amma tana kisa a wurin da yake rufe.

Sai sauran: yadda take tare iska, nauyinta da wurin da za ta ci a jaka, ƙarkonta, sauƙin haɗa ta, da abin da za ta ci maka.

Kafin a ci gaba, yana da kyau a san me ake ƙoƙarin cetowa. Ɗaga rabin litar ruwa daga digiri 20 zuwa tafasa yana buƙatar zafi kilojul 167 (kilojul ma'aunin makamashi ne). Giram ɗaya na gas yana ba da wajen kilojul 46. Da a ce duk zafin yana shiga ruwa, ƙasa da giram 4 sun isa. A zahiri kusan rabi yana tserewa ta gefe, sai ka ga an ƙona giram 7 ko makamancin haka ko da ba iska. Ƙaramin gwangwani mai giram 100 ke nan zai yi maka tafasa 14. Idan iska ta ninka abin da kake ƙonawa, sun koma 7. Garkuwa mai giram 20 ko 40 da ta hana ka ɗaukar gwangwani na biyu ta biya kuɗin ɗaukarta.

Zaɓi na farko: katanga mai buɗaɗɗen gefe

Wannan ita ce mafi sauƙi. Faffaɗan ƙarfe ne marar kauri da kake tsayar da shi a ƙasa, ya zagaye murhu ta ɓangaren da iska ke fitowa, ya bar aƙalla kashi ɗaya cikin uku a buɗe ta ɗaya ɓangaren. Tsakaninta da gwangwani ka bar tazarar faɗin tafin hannu. Da yake murhun yana kan gwangwani, tukunya kuma tana kan murhu, dole katangar ta yi tsayi, santimita 25 zuwa 30, domin ta haura gindin tukunya. Nan ne rauninta yake. Abu mai tsayi, marar nauyi, a tsaye cikin iska, faɗuwa yake yi, kuma kan tukunyarka zai faɗa. Maganinsa shi ne ka huda ramuka biyu ko uku a gefen ƙasa ka kafe ta da turakun tanti, ko ka lanƙwaso leɓen ƙasa waje ka danne da duwatsu.

Ta fuskar haɗari, ita ce ta fi kwantar mini da hankali a cikin waɗanda ake amfani da su da wannan murhu, muddin an bar gefen nan a buɗe. Hannunka yana kaiwa ga makunni, yana kaiwa ga gwangwani. Matsalar tana zuwa ne lokacin da iska ta riƙa juyawa, mutum ya ga wuta na rawa, ya ce bari in ƙara rufewa kaɗan. Kaɗan-kaɗan sai katanga ta zama rijiya.

Na taɓa yin wannan kuskure a kan wani tudu da yamma. Iska ta canja sau biyu, na matso da bakin garkuwar har ya kusa haɗewa, ruwa ya fara ƙara cikin sauri, na ji daɗi. Da na kai yatsa zan rage wuta, sai na ji wayar makunnin ta yi zafin da ba ta saba yi ba. Na taɓa kafaɗar gwangwani, na janye hannu da sauri. Na kashe, na ture garkuwar gefe, na ja da baya na jira ya huce. Ba abin da ya faru, amma tun daga ranar na yanke garkuwata gajera yadda ko na so, bakinta biyu ba za su iya haɗuwa ba. Ina ba kowa wannan shawarar: ka sa almakashi ya hana ka abin da gaggawa za ta sa ka.

Zaɓi na biyu: ƙoƙon sama mai faranti

Nan aikin hannu ya fi yawa, sakamakon kuma ya fi kyau. Kana yanka da'ira wadda ta fi gindin tukunyarka faɗi da santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta kowane gefe, ka huda tsakiya daidai kaurin sandar murhu, ka tsaga daga baki zuwa tsakiya domin ta shiga. Farantin yana zama ƙasa da kan wuta, sama da makunni. Sai ka yi masa bango mai tsayin santimita 7 ko 8 wanda zai haura gindin tukunya kaɗan. Ka ga ke nan wuta tana cikin ƙoƙo, gwangwani yana waje a sarari, iska tana busa shi.

Alherinsa biyu ne. Yana tare iska ta kowane ɓangare, kuma farantin yana mayar da zafi sama maimakon ya sauka kan gwangwani. Nauyinsa ma kaɗan ne: da alminiyam mai kaurin milimita 0.1, duka-duka bai wuce giram 15 ba ga ƙaramar tukunya.

Amma shi ne ya fi buƙatar natsuwa wajen haɗawa. Da farko ka duba inda ramukan zuƙar iska suke a sandar murhunka. Idan sun faɗo ƙarƙashin faranti, to madalla, suna shaƙar iska mai kyau. Idan sun faɗo a cikin ƙoƙon, dole ka huda ramuka da yawa a farantin, in ba haka ba wuta za ta shaƙe. Na biyu, tazarar da ke tsakanin bango da jikin tukunya kada ta gaza kaurin ɗan yatsa, domin nan ne hayaƙi yake bi ya fita. Idan ka sauya tukunya da wadda ta fi faɗi, ta zauna a kan bangon kamar murfi, ka rufe wutar ke nan. Na uku, duk abin da ke cikin ƙoƙon zai sha zafi fiye da yadda aka ƙera shi ya sha. Murhu mai ƙyastu na latsawa, wanda yake da roba a jikinsa, yana iya lalacewa. Zafin kuma yana bin sanda ya gangara zuwa bawul, inda robar da ke hana yoyon gas take. Shi ya sa da wannan garkuwa ba a buɗe wuta har ƙarshe. Matsakaiciya ta wadatar, kuma dama ita ce ta fi tattalin gas.

Wani abin lura: ba kowane murhu ne yake karɓar faranti ba. Mai gajeriyar sanda, wanda kan wutarsa ke dab da makunni, babu wurin da za ka saka shi.

Zaɓi na uku: siket a jikin tukunya

Wasu suna naɗa zirin ƙarfe a jikin tukunyar kanta, ya sauko ƙasa da gindinta da santimita 3 ko 4, a yanka masa gurabe inda ƙafafun murhu za su shiga. Ba shi da nauyi, yana naɗewa ya shige cikin tukunya, kuma yana tilasta wa zafi ya bi jikinta ya hau. Sai dai ƙasansa a buɗe yake, don haka iskar da ke tasowa daga ƙasa tana samun wuta, zafin da ya tara kuma yana haskawa kai tsaye kan kafaɗar gwangwani. Ga shi da tukunya ɗaya kawai yake aiki. Duk lokacin da ka ɗaga tukunya ka ɗaga ƙarfe mai zafi tare da ita, gurabensa kuma suna iya maƙale ƙafar murhu su jawo shi ya kife. Ni ban cika son sa ba, sai ga wanda ruwa kawai yake tafasawa, sau ɗaya ya ɗora, sau ɗaya ya sauke.

Zaɓi na huɗu: cikakken zagaye, amma da murhu mai mesa

Akwai murhun gas da yake zama a ƙasa a kan ƙafafunsa, mesa ta haɗa shi da gwangwani da ke can gefe. Da irin wannan, matsalar da muke ta kewaye-kewaye a kanta ta kau. Kana iya zagaye murhu da tukunya gaba ɗaya, ka yanka ɗan gurbi inda mesa za ta fita, gwangwani yana waje. Garkuwar ba ta buƙatar tsayi, santimita 15 sun isa, saboda haka ba ta faɗuwa da sauƙi. Ramukan shan iska a gefen ƙasa da tazarar ɗan yatsa a kewayen tukunya har yanzu wajibi ne, kuma kada mesar ta jingina da ƙarfe mai zafi. Abin da za ka biya shi ne sayen sabon murhu da ɗaukar ƙarin nauyi, domin ya fi na saman gwangwani nauyi da girma.

A kusa da wannan akwai murhunan da aka ƙera tun asali don su jure iska, kamar Soto WindMaster mai kan wuta a lotse, ko MSR WindBurner da tukunyarsa ke kulle a kan murhu. Ba aikin hannu ba ne, amma wanda bai riga ya sayi murhu ba ya kamata ya san da su.

Zaɓi na biyar: kada ka haɗa komai

Bayan dutse, gindin kututture, rami marar zurfi, jakarka a kwance nesa kaɗan, ko jikinka. Ba nauyi, ba kuɗi. A iska marar ƙarfi ya wadatar. Kada dai ka kusanto da katifar soso ko wani abu na leda, kuma kada iska ta kora ka cikin tanti da murhu a kunne.

Da me za a yanka ta?

Takardar alminiyam ta kicin kaurinta wajen milimita 0.016 ne, sai an ninka ta huɗu ko fiye kafin ta iya tsayuwa. Ta fi komai araha, ta fi komai saurin mutuwa: tafiya biyu ko uku sai ka ga ta tsage a layin ninki. Amfaninta na gaskiya shi ne gwaji. Ka fitar da siffar da ita, ka gyara, sannan ka kwafa a kan abu mai ƙarko.

Tiren alminiyam na gashi, irin wanda ake amfani da shi a yar, shi ne nake ganin ya fi dacewa da yawancin mutane. Almakashin gida yana yanka shi, bayan cokali yana miƙar da shi, abin huda takarda yana huda shi. Yana da kaurin da zai tsaya, yana da laushin da zai naɗu. Ka ninke bakinsa sau ɗaya duk kewaye, don ƙarfi da kuma kare yatsu.

Fallen alminiyam mai kauri, na milimita 0.2 zuwa 0.3, yana daɗewa sosai amma ya ninka nauyi sau biyu ko uku. Ga katanga mai tsayi, wannan nauyin taimako ne a iska, wahala ne a baya.

Fallen titaniyam shi ne na masu son abu ya daɗe. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, harshen wutar gas kuwa ya haura 1,000 nesa, don haka duk inda ya taɓa bangon alminiyam na ɗan lokaci sai ya yi laushi ko ya huje. Titaniyam sai a digiri 1,668 yake narkewa. Abin da zafi ke yi masa shi ne ya rine shi shuɗi da shunayya. Ya fi alminiyam nauyi idan kaurinsu ɗaya, amma da yake yana da ƙarfi, na milimita 0.05 ya isa, sai nauyin ya zo kusan daidai. Laifinsa tsada, da kaifin baki kamar reza, da taurin kai: yana son komawa yadda yake a naɗe, sai ka riƙe shi da kilif. Ka bi bakinsa da samfefa kafin ya shiga jaka.

Abubuwa uku kuma ka guje su. Kwanon rufi da duk ƙarfen da aka shafa wa tutiya, domin hayaƙinta idan ta yi zafi yana sa zazzaɓi. Gwangwanin lemo, saboda fenti a waje da shafin roba a ciki. Da kwali da aka lulluɓe da takardar alminiyam, wanda komai lulluɓin, kwali ne.

| Zaɓi | Tare iska | Haɗari ga gwangwani | Nauyi | Ƙarko | Sauƙin haɗawa | Kuɗi |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Katanga mai buɗaɗɗen gefe | Mai kyau, in iska ba ta juyawa | Kaɗan, in ba a rufe ba | Wajen giram 40 | Matsakaici | Mai sauƙi ƙwarai | Kaɗan |
| Ƙoƙon sama mai faranti | Mai kyau sosai | Kaɗan, amma bawul yana ɗumi | Wajen giram 15 | Matsakaici. Da titaniyam mai yawa | Sai da awo da haƙuri | Kaɗan zuwa matsakaici |
| Siket a tukunya | Matsakaici | Matsakaici | Mafi sauƙi | Matsakaici | Matsakaici | Kaɗan |
| Cikakken zagaye da murhu mai mesa | Mafi kyau | Kusan babu | Mafi nauyi, har da murhu | Mai yawa | Mai sauƙi | Mafi yawa |
| Dutse, jaka ko jiki | Gwargwadon wuri | Babu | Babu | Babu ruwansa | Babu aiki | Babu |

Nauyin da ke cikin jadawalin lissafi ne a kan alminiyam mai kaurin milimita 0.1 da ƙaramar tukunya ta mutum ɗaya.

Ko wacce ka haɗa, ka gwada ta a gida kafin ka dogara da ita a daji. A waje, ba a ɗaki ba. Ka sa fanka a gefe, ka auna gwangwani a sikelin kicin, ka tafasa rabin lita, ka sake aunawa. Ka yi sau ɗaya da garkuwa, sau ɗaya babu. Ana cikin haka ka riƙa taɓa kafaɗar gwangwani duk bayan rabin minti, ka kuma leƙa launin wutar. Shuɗiya mai tsayuwa ita ake so. Idan ta yi ja ko ruwan ɗorawa, ko ka ji wari yana yaji a ido, ƙara ramuka ko ƙara tazara.

To wacce ce taka?

Idan sau biyu ko uku kake fita a shekara, kuma kwana ɗaya ko biyu kake yi, yanki katanga daga tiren alminiyam, ka gajarta ta yadda ba za ta rufe ba, ka haɗa da turaku biyu. Aikin minti goma sha biyar ne.

Idan kana yin tafiyar kwanaki da yawa, kowane giram yana damunka, kuma tukunya ɗaya kake amfani da ita kullum, ƙoƙon sama ya cancanci wahalarsa. Fara da takardar kicin, koma tire, in siffar ta zauna maka daidai bayan tafiya biyu ko uku sannan ka kashe kuɗi a titaniyam.

Idan girki kake yi na gaske, mai ɗaukar minti ashirin ko fiye a kan wuta, ko kana dafa wa mutum uku ko huɗu da faffaɗar tukunya, kada ka yi wa murhun saman gwangwani garkuwa ta kusa ko kaɗan. Faffaɗar tukunya da kanta tana mayar da zafi ƙasa, doguwar wuta kuma tana ba shi lokacin taruwa. Murhu mai mesa da cikakken zagaye shi ne naka. Haka ma wanda yake zuwa wuraren da iska ba ta tsayawa, kamar kan duwatsu ko bakin teku, da wanda yake tafiya da yara masu son kai hannu.

Idan kuma hanyarka ta cikin kurmi ce, inda bishiyoyi suka riga suka karya ƙarfin iska, bar almakashi a gida. Nemi bayan kututture, share busassun ganye da ciyawa faɗin taku ɗaya a kewaye, ka zauna ta inda iska ke fitowa.